Jirgin ƙarƙashin teku "na nukiliya" ba lallai ya ɗauki bam ba

A majalisarmu ta Unguwar Sarki, duk lokacin da rediyo ya ambaci jirgin ƙarƙashin teku na nukiliya, sai ka ji wani ya ce, "To fa, an ɗauko bam!" Ba haka abin yake ba. Kalmar nukiliya a nan tana nufin abin da ke tuƙa jirgin ne.

Na farkonsu shi ne Nautilus na sojojin ruwan Amurka, wanda aka tsunduma a ruwa a 1954 bisa jagorancin Admiral Hyman Rickover. Kafin shi, irin waɗannan jirage da dizal da batir suke aiki. Injin dizal kuwa sai da iska, don haka dole jirgi ya riƙa ɗagowa yana cajin batir, kuma a nan abokan gaba ke hango shi. Tukunyar nukiliya ba ta buƙatar iska: zafinta ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Iskar numfashi ma daga ruwan teku ake samar da ita. Ƙarewar abinci ce ke dawo da su gida.

Shi ya sa a Agustan 1958 Nautilus ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Yanzu yana ajiye a garin Groton na Amurka, jama'a na shiga kallo.

Masu ɗauke da makamai masu linzami na nukiliya suna nan, amma rukuninsu daban.

Abin ya dame ni ne saboda a nan Kaduna, a makarantar sojoji ta NDA, ake horar da hafsoshin sojan ruwanmu. Bai kamata ƙannenmu masu burin shiga su tafi da wannan ruɗani ba.