An bar jaki ana dukan taiki a New Orleans

Tun da rikicin gidajen ɗan wasan fim Brad Pitt na birnin New Orleans a Amurka ya kai kotu, wata magana ta zama yayi a bakin masu sharhi: wai duk gidan da aka gina wa talaka bayan bala'i da sunan sabon salo, gwaji ake yi da rayuwarsa, kuma wai ɗaliban zanen gini da ke fita unguwanni da guduma sun fi kowa ganganci, tunda ko takardar gama karatu ba su karɓa ba. Maganar nan tana ci mini rai.

Guguwar Katrina ta afka wa birnin ranar 29 ga Agusta 2005, katangun tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse. Unguwar Lower Ninth Ward, ta baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi, tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2007 gidauniyar Make It Right, wadda Brad Pitt ya kafa, ta zo da alkawarin gidaje 150, ta gayyato manyan masu zane na duniya irin su Frank Gehry da Shigeru Ban da David Adjaye. Aka gina 109, kuma ba kyauta aka raba ba, sayarwa aka yi a kan kimanin dala 150,000 kowanne. Ba a je ko'ina ba katako ya fara ruɓewa, bango ya yi funfuna, rufi na yoyo. A garin da ruwan sama ke haura milimita 1,500 a shekara aka yi wa wasu gidajen shimfiɗaɗɗen rufi mai riƙe ruwa, abin da maginin soro a Kano, wanda ya san amfanin indararo, zai yi wa dariya. Masu gidajen sun shigar da ƙara a 2018, aka yi sulhu a kan dala miliyan 20.5 a 2022, sai kuma ta bayyana ƙungiyar Global Green da ta ɗau nauyin biyan ba ta da kuɗin.

To ina ɗalibi a cikin wannan ɓarna?

A wannan birnin dai, Jami'ar Tulane tana da shirin URBANbuild ƙarƙashin Byron Mouton, wanda ya daɗe yana gina gidaje, akasari a unguwar Central City. A zangon farko ɗalibai su zana, a zaɓi zane guda, a zango na biyu su sa hular kwano su gina shi da hannunsu a kan ɗan siririn fili irin na garin. Yarinyar da ta zana taga a takarda, ita za ta hau tsani ta kafa ta, in ruwa ya shigo ta gefenta a gabanta zai shigo. Wannan darasi babu shi a ofishin wanda ya aiko da zane daga Tokyo ko Landan. Malamin ɗan garin ne, jami'ar kuma ba ta naɗe tabarmarta ta gudu. In rufi ya yi yoyo, mai gida ya san ƙofar da zai buga. Haka shirin Rural Studio na Jami'ar Auburn yake yi a karkarar Alabama tun 1993.

Masu cewa gida ɗaya a shekara ɗigon ruwa ne a teku, su kai kukansu inda ya dace. Ba ɗalibai ne suka zuba iyalai a gidajen wucin gadi na tirela na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, masu fitar da gubar da ke sa ciwon ƙirji ba. Ba su ne suka tsara tallafin Road Home na gwamnati ba, wanda ya auna diyya da darajar gida kafin guguwa, har mai gida a unguwar talakawa ya samu abin da bai kai kuɗin gyara ba, alhali farashin siminti da katako ɗaya ne a kowace unguwa. Manya ne masu digiri da kujera suka yi wannan, amma sukar ɗalibi ta fi sauƙi.

Ni dai da za a ji tawa, duk wanda zai gina wa waɗanda bala'i ya shafa gida, shahararre ne ko ɗalibi, a ɗaure shi da yarjejeniyar gyara ta shekaru, ya ajiye kuɗinta tun kafin a haƙa tushe. Filayen da har yau ciyawa ta cinye a Lower Ninth Ward kuma, a miƙa wa makarantun zanen gini wasu daga ciki.