Maƙeranmu tambari kawai suka rasa

Ina zaune a Faransa, kusa da wani gari mai suna Thiers, wanda tun kaka da kakanni wuƙa suke ƙerawa. Duk watan Mayu suna baje koli da ake kira Coutellia, masu tara wuƙaƙe su cika garin. Ni ma ina tara ƙananan nan na aljihu masu naɗewa. A wajen ne wani dattijo ya ji ni ɗan Daura ne daga Najeriya, ya ce in nuna masa wuƙar garinmu. Na ciro wadda ƙanena ya aiko min daga kasuwar Mai'aduwa. Ya juya ta, ya nuna min sunan China a gindin ƙarfen, ya miƙo min bai ce uffan ba. Wallahi abin ya ci min rai.

Ku ji yadda suke riƙe nasu. A bakin kogin Durolle sun adana tsofaffin wuraren washi, inda a da masu wasawa ke kwanciya rub da ciki a kan katako bisa dutsen da ruwa ke juyawa, kare na kwance a ƙafafunsu yana ɗumama su saboda sanyi. Can yankin Savoie kuma akwai wuƙar da ake kira Opinel, tun 1890: ƙotar itace, ƙarfe, sai ɗan zoben da aka ƙara a 1955 don ya kulle ta kada ta rufe a yatsa. Ba ado, ba tsada. Amma kowace ɗaya na ɗauke da tambarin hannu da kambi, kowa ya san gidan da ta fito.

Su ma ba su tsira ba, wuƙaƙe da yawa masu sunan Laguiole, wani garin Faransa da ya yi suna a wuƙa, a China da Pakistan ake yin su. Kuma ban ga laifin talakan da ya sayi mai araha ba, ga sheƙi, ga shi ba ta saurin tsatsa. Sai dai a kai ta layya a gani. Kafin a gama fiɗar rago ɗaya ta dakushe, ƙusar ƙotar ta fara rawa. Ta maƙeranmu da aka buge daga tsohon ƙarfen mota kuwa, a goga ta a dutse ta dawo aska, baduku ya yi mata kube, ta shekara goma a gida.

Wanda ke tarawa don sha'awa shi ne ba shi da uzuri. Mu da labarin Bayajida ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa kafin ya iso rijiyar Kusugu, yau babu maƙeri ɗaya da zan iya kiran sunansa in ce ga aikinsa, don ba sa buga suna a ƙarfe, mu kuma ba ma tambaya. Mukan tsaya muna taya wuƙarsa kamar gwanjo. Shi ya sa ɗan maƙerin unguwarmu ya bar zuga-zugi ya kama acaɓa, uban ya tsufa, babu mai karɓar masaba a hannunsa.