Kafin ƙungiyarku ta zaɓi kamfanin da zai riƙa kai mata wasiƙun imel

Assalamu alaikum, 'yan'uwa shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyinmu na Zango.

A azumin da ya wuce na tura sanarwar neman tallafin marayu daga akwatin imel ɗina zuwa ga mambobin ƙungiyarmu ta nan Nima da ke birnin Accra na Ghana, waɗanda da yawansu suna zaune a Jamus da Italiya da Amurka. Na jera adireshin mutane a fili, kowa yana ganin na kowa, kuma tun ban kai ƙarshen jerin ba akwatin ya daina aikawa. Washegari wata Hajiya ta kira ni daga Jamus ta ce, "Malam Sakatare, wa ya ba ka izinin baje adireshina a gaban mutanen da ban sani ba?" Na rasa amsa, domin gaskiya tana gefenta.

Akwatin mutum ɗaya ba don wannan aiki aka yi shi ba. Gmail na kyauta, alal misali, ya tsayar da iyaka a kan saƙo 500 a rana. Tun watan Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida: mai tura saƙo kusan 5,000 ko fiye a rana dole ne ya tabbatar da kansa ta hanyoyin tantance mai aikawa da ake kira SPF da DKIM da DMARC, ya bai wa mai karɓa damar ficewa da dannawa ɗaya, kuma masu ƙorafi a kansa kada su kai uku cikin dubu. Mu ba mu kai wannan adadi ba, amma ko ƙaramin mai aikawa ana so ya mallaki SPF ko DKIM, waɗanda tamkar hatimi ne da ke shaida cewa wasiƙar daga gare ku ta fito. Ana buga wannan hatimi ne a kan sunan shafin ƙungiya na intanet, saboda haka a yi rajistar sunan da sunan ƙungiya, ba da sunan yaron da ya taimaka wajen buɗewa ba, domin gobe yana iya tafiya karatu da makullin a aljihunsa.

Inda na fi so mu natsu shi ne yadda ake lissafin kuɗi. Kamfanin aika imel na Mailchimp yana caji gwargwadon yawan mutanen da ke cikin jerinku. Brevo, kamfanin Faransa da aka sani da Sendinblue kafin 2023, ya fi duba yawan saƙonnin da aka tura, kuma yana ba da 300 kyauta a rana. Amazon SES yana karɓar santi 10 na dala a kan saƙo 1,000, sai dai yana buƙatar masani na dindindin. Ƙungiyar da ba ta rubutu sai lokacin azumi da sallah da rahoton kuɗi na wata, a ganina bai dace ta riƙa biyan kuɗin sunayen da ke kwance ba. Ga shi biyan da kati ake yi, da kuɗin waje, alhali gudummawarmu da sidi, kuɗin Ghana, take shigowa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma duk wanda ya ga faɗuwar sidi a 2022 ya san abin da hakan ke yi wa asusu.

Na san za a ce WhatsApp ya wadatar. Ya wadatar wajen sanar da rasuwa ko ɗaurin aure, amma rahoton kuɗi yakan nutse cikin gaisuwar Juma'a kafin azahar.

Adireshin mutane amana ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta shafi ƙungiyoyi irin namu. Ku tambayi kowane kamfani ko za ku iya kwashe jerinku gaba ɗaya ranar da kuka so barinsa, sannan ku tura wasiƙar gwaji da Hausa ku ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai a waya.

Mu dai mun zaɓi mai caji a kan saƙo, mun damƙa kalmar sirri a hannun shugaba da ma'aji, sannan muka sake neman yardar kowane mamba kafin mu saka sunansa. Hajiyar nan ce ta fara amsawa.