Takalmi ƙafa biyu, yara biyu

Salamu alaikum 'yan uwa. Rubutun yau zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ya kwana biyu yana cina.

Makon jiya na aiki ɗana mai shekara tara ya karɓo mini wayata wurin mai caji, nan bakin hanyar da ke zuwa kasuwar Dole a Damagaram. Shiru shiru har aka kira magariba yaro bai dawo ba. Na bi sahu. Na iske shi cikin yara sun fi goma, sun yi cincirindo a bayan wani saurayi, kowa ya miƙa wuya yana leƙen waya guda. Fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa. Daidai isowata jarumin ya murɗe hannun wani, mai fassara ya saki wata ashar da ba zan iya rubuta ta a nan ba, yara suka kwashe da dariya. Har da nawa.

Ban duke shi ba. A hanya na tambaye shi, ga tele a gida, ga tashar da ke nuna zanen yara tun safe, me ya kai ka nan? Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai waɗannan da Hausa suke magana."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Yaron yana aji huɗu a lakwal. Yana iya karanta Faransanci a allo, harafi bayan harafi, amma in mutanen cikin tele suka fara zuba shi da sauri, hoto kawai yake kallo. Can wurin mai caji kuwa kowace kalma tana shiga kunnensa ta zauna. Mun bar wa yaranmu zaɓi biyu ke nan: abin da aka yi dominsu amma ba su jin harshensa, ko abin da suke jin harshensa amma ba dominsu aka yi shi ba. Ko ni ne yaron, na biyun zan bi.

Ran Juma'a bayan isha'i na ari kwamfutar ƙanena, na kifa turmi a tsakar gida na ɗora ta, muka shimfiɗa tabarmi biyu. Nawa uku, na maƙwabta biyar. Inna tana gefe bisa buzunta da carbi, ta ce ita ba ruwanta da kallon hotuna. Na sa musu wani tsohon fim na ƙasar Iran da aka yi a 1997, na Majid Majidi. In za ku nema, sunansa da Faransanci Les Enfants du ciel. Da Farisanci ake magana a ciki, fassarar Faransanci tana wucewa a ƙasa, ni kuma na zauna kusa ina mayar musu da Hausa da bakina.

Labarin bai taka kara ya karya ba in ka ji shi a baki. Wani yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wurin mai gyara. A hanyar dawowa ya tsaya sayen dankali, ya aje ledar takalmin a waje, mai kwasar bola ya zo ya haɗa da ita bai sani ba. Ubansu ba shi da ko sisi, bashin haya ya taru, uwarsu ba lafiya. Yaran suka san in sun faɗa, ban da duka, za su ɗora wa uban bashin da ba ya iya ɗauka. Sai suka rufe maganar tsakaninsu. Zahra tana zuwa makaranta da safe, Ali da rana. Ta sa takalminsa ta tafi, in an tashi ta sheƙo da gudu, yana jiranta a lungu, ta cire ya sa, shi ma ya sheƙa. Kullum haka.

Ba harbi, ba sara, ba mota mai tashi sama. Kusan awa ɗaya da rabi, ba yaron da ya motsa.

Akwai wurin da yaran ke zaune gaban iyayensu suna aikin gida, ba halin magana, sai suka riƙa rubuta wa juna a kaye, wato littafin rubutu, suna turawa. Ita ta rubuta, yaya zan je makaranta ba takalmi? Shi ya rubuta yana lallashi. Ina cikin fassarawa sai na ga ɗiyata ta juya ta kalli yayanta, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ban san abin da ke tsakaninsu ba, ban kuma tambaya ba. Amma na gane akwai wani asiri irin wannan a gidana, wanda suka rufe don kada ya dame ni.

Sai wurin da takalmin ƙafa ɗaya ya suɓuce wa Zahra ya faɗa kwata, ruwa ya ja shi, tana bi tana kuka. Wata 'yar maƙwabta mai shekara shida ta miƙe tsaye tana cewa, "Ki kama! Ki kama!" A nan ne na ji Inna ta ce, "Wayyo 'yar nan." Ashe ta daɗe da matsowa.

Abin da ya fi taɓa Inna kuwa, uban yaran ne. An ba shi dunƙulen sukari na masallaci ya farfasa a gida. Ɗiyarsa ta kawo masa shayi, ya ce ta ɗebo masa sukari a nasu na gida, wannan da ke gabansa tuli guda na masallaci ne, amana aka ba shi. Inna ta aje carbi ta ce da jikokinta, "Kun ji ko? Haka kakanku yake." Shekara nawa nake yi wa yaran nan bayanin amana da baki. A daren nan suka gan ta da ido, a hannun talakan da bai da abin biyan haya.

Daga baya Zahra ta hango takalminta a ƙafar wata yarinya a makaranta. Ita da Ali suka bi ta har gida don su karɓa. Da suka leƙa suka ga uban yarinyar makaho ne, sai suka juya ba su ce komai ba. Ɗana ya ce, "Baba, don me ba su karɓa ba? Ai nasu ne." Kafin in buɗe baki, babban cikin yaran maƙwabta ya ce, "Ba ka ga sun fi su talauci ba?" Suka yi ta musu, na tsayar da fim ɗin na bar su. Wannan musun nasu ya fi mini fim ɗin kansa daraja.

Ƙarshensa an shirya tseren gudu na 'yan makaranta, kyautar na uku takalmi sabo. Ali ya shiga yana neman na uku, ba na ɗaya ba. Gudun da yake yi kullum a lungu ya sa ƙafarsa ta fi ƙarfin lissafinsa, ya zo na ɗaya. Ana ɗaukarsa hoto da kofi, shi kuwa hawaye yake. Tsakar gidana aka yi tsit.

To, ga inda na dosa. Mun saba da magana biyu a garin nan. Wasu su ce fim ɓata tarbiyya ne, a hana kawai. Wasu su miƙa wa yaro waya don ya bar su su huta. Na farkon ba su hana komai ba, don yaron da ka hana a gida yana can wurin mai caji, ko bayan wani a fada yana leƙe. Na biyun kuwa sun ba da amanar ɗansu ga wanda ba su sani ba. A ganina duka biyun gudun aiki ne. Aikin shi ne ka nemo mai kyau, ka kalla kai kaɗai tukuna, sa'an nan ka zauna tare da su.

Kuma masu kyan suna nan da yawa, duniya ba Amurka da Indiya kaɗai ba ce. Akwai wani na Iran ɗin dai, na Abbas Kiarostami, 1987, Où est la maison de mon ami ? Yaro ya dawo daga makaranta ya tarar ya haɗo da kayen abokinsa cikin jaka, alhali malam ya rantse in abokin ya sake zuwa bai yi aiki a kayensa ba zai kore shi. Yaron ya kama hanya a ƙafa zuwa wani ƙauye, bai san gidan ba, yana tambaya ƙofa ƙofa har dare ya yi, manya ba wanda ya tsaya ya saurare shi da kyau. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take, ga ta nan an nuna. Akwai na Malawi na 2019, Le Garçon qui dompta le vent, labarin gaskiya na William Kamkwamba, wanda aka kora daga makaranta don rashin kuɗi a shekarun yunwa na 2001 zuwa 2002. Ya duba littafi a ɗakin karatu, ya tsinto tarkace a juji, ya haɗa da keken ubansa ya yi injin da iska ke juyawa ya ba da wuta. A fim ɗin da wannan wutar aka jawo ruwa daga rijiya. Ku gaya mini, yaron Damagaram da ya tashi yana bin layin bido a bakin famfo tun asuba, wa zai fi shi gane wannan labari? Sai dai shi wannan na manyan yara ne, akwai yunwa da mutuwa a ciki.

Kiriku kuwa kusan kowa ya san shi a nan. Na Michel Ocelot ne, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gine, ya fito a 1998. Ina son tambayar da ƙaramin yaron ya nace a kai, me ya sa mayyar nan take da mugunta, har ya gano ƙaya ce aka soka mata a baya. Amma an zana mutanen ƙauyen ba sutura sosai, kuma na san gidaje da yawa ba za su yarda ba. Ban ga laifinsu ba. Shi ya sa na ce uba ko uwa su fara gani.

Wani zai ce, su Iran ai ka san aƙidarsu. Na kalli finafinan nan biyu daga farko har ƙarshe, ban ga wa'azin kowa a ciki ba, yara ne da takalmi da kaye. Abin da ya kamata mu lura da shi wani ne daban. Dukansu biyu wata hukuma ce ta ƙasar ta ɗauki nauyinsu, ana ce mata Kanun, wadda aka kafa a 1965 don littattafai da finafinan yara kawai. Ba daga sama suka faɗo ba. Wata ƙasa ce ta zauna ta ce yaranta sun isa a kashe musu kuɗi.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan fage, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Marigayi Mustafa Alasan ɗan Nijar ne, yana cikin na farkon da suka yi fim ɗin zane a Afirka. Tun 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. Daga baya ya yi na 'yan tsana inda dabbobi ke kokowa a fili kamar yadda ake yi a gasar takobi. Ya zauna Tawa yana aikinsa, ya rasu a 2015. Na tambayi yara takwas da ke bisa tabarmata, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Garin da ke da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da gwamna har mutum ya riƙe ciki, garin da kakanni suka raine mu da Gizo da Ƙoƙi, a ce ba mu da abin nuna wa yaro da harshensa?

Ban ce gobe mu fara zana namu ba, na san tsadarsa. Fassara fa? Masu fassarar finafinan Indiya sun riga sun nuna ana iyawa, sun kuma nuna akwai kasuwa, tunda har ƙauyen da ba kuran za ka iske aikinsu a memori. Gwanaye ne, ba na raina su. Roƙona gare su, cikin goma su ware ɗaya na yara, su nemi izinin masu shi, su fassara shi da Hausa mai tsabta, ba ashar, ba ƙarin barkwancin da babu shi a asali. Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In maganar ba ta takarda kaɗai ba ce, to ga wuri mai sauƙi da za a fara: gidajen tele su ba yara awa ɗaya ran Asabar. Muna da ɗalibai a Jami'ar André Salifou masu jin Faransanci da Larabci da Ingilishi, muna da 'yan wasan kwaikwayo na rediyo masu murya. Garin nan ne ya haifi Aisha Maki, wadda fim ɗinta na 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ya zaga duniya. Mutane ba su ƙare mana ba.

Kafin a kai can, abin da ke hannuna shi ne bakina da turmi da tabarma. Muryata ta dushe a daren nan, don fassara awa ɗaya da rabi ba wasa ba ce. Da safe ina alwala autata ta zo ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Baba, Zahra ta samu takalmi?" Na ce ba ki ga keken babansu ba a ƙarshe, da abin da ya ɗauro a baya? Ta ce barci ya ɗauke ta. Na ce ta samu, har da na Ali. Ta tashi da gudu ta je ta gaya wa Inna.

Juma'a mai zuwa na yaron da kayen za mu kalla, in Allah ya kai mu. Maƙwabta na kusa, a turo yara bayan isha'i, kowa ya riƙo tabarmarsa. Wanda kuma yake jin Faransanci da kyau ya zo ya karɓe ni in muryata ta gaza.