A bar ɗaliban rawa su nuna abin da suka ƙirƙira

A ƙarshen zangon karatu, jami'o'in da ke koyar da rawa sukan ware dare guda ɗalibai su hau dandamali. Sau da yawa tsarin iri ɗaya ne. Kashin farko rawar bale ce, wato tsohuwar rawar dandamali ta Turai, a yanko wani ɓangare na tsohon wasan da duniya ta sani, a sa fararen tufafi, a jera 'yan mata sahu-sahu. Bayan hutun rabin lokaci sai rawar zamani ta biyo baya, wadda akasari ɗaliban ne suka tsara ta da kansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba daraja tsakanin kashin biyu. Tafi da kuɗin ɗinki da mafi yawan lokacin atisaye duk kashin farko suke tafiya. Da an shiga na biyu sai ka ga hasken waya yana tashi a cikin 'yan kallo, wasu ma sun sulale. Ni a ganina an kifa abin. Kashi na biyun nan shi ne dalilin da ya sa jami'a ta cancanci a ce tana koyar da rawa.

Kada a ɗauka raina bale nake yi. Ina ƙaunarta, kuma na san ba ƙaramin ilimi ba ce. Tun 1661 Sarki Louis na 14 na Faransa ya kafa mata makaranta a Paris, kuma tsayuwar ƙafa biyar da ake jingina wa malaminsa Pierre Beauchamp har gobe su ake fara koya wa yaro ranar da ya kama sandar atisaye. Ɗalibin da ya yi bale ya san inda nauyinsa yake, ya san yadda zai dira daga tsalle ba tare da ya cuci gwiwarsa ba. Duk mai son rawar dandamali zai amfana da ajin bale na safe, ko da ba zai taɓa yin ta a gaban jama'a ba.

Matsalar tana wajen kwaikwayon manyan wasanni. Waɗannan wasanni an tsara su ne domin jikin da aka fara horarwa tun yarinta. Makarantar Vaganova da ke St. Petersburg a Rasha tana ɗaukar yara suna wajen shekara 10, ta riƙe su shekara 8 ana gumi kusan kullum. Juyi 32 a kan ƙafa ɗaya da Pierina Legnani ta yi a wasan Swan Lake na 1895, wanda har yanzu 'yan kallo ke ƙirgawa a zuci, aikin wadda ta ƙare rayuwarta a wannan fanni ne. To ɗalibar jami'a fa? Wata ta fara tun tana ƙarama, gaskiya ne, amma da yawa sai da suka girma suka shigo, ga lakca, ga jarrabawa, wata ma tana aikin neman kuɗin makaranta da yamma. Idan aka matsa mata ta tsaya a kan yatsun ƙafa cikin 'yan watanni don kawai hoton taro ya yi kyau, idon sawunta ne zai biya. Malaman da suka san aikinsu ba sa ba yarinya takalmin tsayuwa a kan yatsu sai ta shekara da shekaru tana ƙarfafa ƙafa da ƙugu. Kuma ko ta jure ta yi, me aka samu? Kwafi mai rauni na abin da kowa zai iya kallon ƙwararru suna yi a YouTube a daren nan.

Yanzu mu duba abin da makarantu suka haifar a lokacin da suka bar ɗalibai suka gwada nasu.

A 1926 Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta zama ta farko da ta ba ɗalibi damar yin digiri a kan rawa. Matar da ta tsaya a kan haka, Margaret H'Doubler, ilimin halittu ta karanta, kuma ƙwallon kwando take koyarwa kafin nan. Ƙwarangwal take ajiyewa a aji. Sai ta sa ɗalibai su kwanta a ƙasa, su binciki yadda gaɓa ke motsi, su gano da kansu abin da jiki zai iya. Ba ta damu da su haddace motsin wani ba. Daga 1934 kuma Kwalejin Bennington ta riƙa tara manyan masu tsara rawar zamani Martha Graham da Doris Humphrey da Charles Weidman da Hanya Holm a lokacin hutun bazara, kuma da yawa cikin waɗanda suka zo koyo malaman motsa jiki ne, waɗanda suka koma makarantunsu suka baza abin da suka gani. Ƙungiyar rawa ta Merce Cunningham a Kwalejin Black Mountain aka kafa ta a 1953. Wannan mutumin yakan jefa kwabo sama don ya yanke wane motsi zai biyo wane, kuma masu rawarsa sau da yawa ba sa jin kiɗan sai ranar wasa. A lokacin mutane da dama sun ɗauke shi mai ɓata lokaci. Yau babu wanda zai koyar da tarihin rawa ya tsallake sunansa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin ƙungiyar rawa ta Pilobolus. A 1971 wasu samari a Kwalejin Dartmouth suka shiga ajin wata malama mai suna Alison Chase, ba su da horon rawa a baya. Da yake ba su iya motsin da aka saba ba, sai suka riƙa jingina da juna, wannan ya ɗauki wancan, su haɗe su zama siffa guda mai hannaye da ƙafafu da yawa. Aikin aji ne fa. Daga nan ƙungiyar da ta zagaya duniya ta fito. Shekara guda bayan haka, a 1972, mai tsara rawa Steve Paxton ya yi aiki da ɗalibai maza a Kwalejin Oberlin suna faɗuwa suna karo da juna a kan katifun kokawa, kuma wannan gwajin ne ya buɗe hanyar salon da mutum biyu ke musayar nauyi ba tare da sun tsara motsi tun farko ba, salon da yanzu ake koyarwa a ƙasashe da dama. Da a ce an tilasta wa waɗannan samari kwaikwayon tsohon wasa, da sun faɗi warwas, an ce ba su da baiwa.

Na san abin da za a ce. Za a ce yawancin abin da ɗalibai ke tsarawa ba ya kai labari, wani ya yi tsawo, wani ba a gane inda ya dosa. Haka ne, kuma ba zan yi musu ba. Amma a sashen kimiyya ma ba kowane gwaji ne ke fitar da magani ba, kuma babu wanda ya ce a rufe ɗakin gwajin saboda haka. Ɗalibin da ya tsara rawar minti bakwai ya zaɓi mutane, ya raba musu wuri, ya yanke shawarar inda za a yi shiru, ya yi ja-in-ja da mai kula da fitilu, ya cire ɓangaren da yake so saboda ba ya aiki. Ko ba ta yi kyau ba, ya koyi abin da haddar motsin wani ba za ta taɓa koya masa ba. Kuma ba zai san ta yi ko ba ta yi ba sai ya ji numfashin 'yan kallo a ɗakin. Shi ya sa ficewar mutane a rabin lokaci ke yi mini zafi. Da kunnuwansu da idanunsu ake yin jarrabawar, sun tafi da su.

Ga masu shirya irin wannan dare ina da roƙo. Ku cakuɗa jadawalin, kada a tara aikin ɗalibai a ƙarshe lokacin da kowa ya gaji. A rubuta sunan wanda ya tsara kowace rawa ɓaro-ɓaro a takardar shiri, da sunan wanda ya yi kiɗa da wanda ya yi haske. Idan za a yi bale, a yi ta daidai ƙarfin waɗanda ke ajin, ko malami ya tsara musu sabuwa da ta dace da jikinsu, da takalmi mai laushi idan shi ne daidai. Kuɗin da za a zuba a tufafin dare ɗaya kuwa, gara a sa shi a daɓe. Rawa a kan siminti tana jawo ciwon ƙwauri da tsagewar ƙashin ƙafa, domin duk dirar da aka yi jiki ne ke shanye ta. Daɓen katako mai ɗan lotsawa shi ke rage wannan, kuma jami'ar da ba ta da shi ba ta da hurumin sa ɗalibai tsalle sau ɗari a rana.

Ku kuma iyaye da abokai da ke zuwa kallo, ku zauna har ƙarshe. Idan wata rawa ta ɗaure muku kai, ba dole ba ne ku nemo labarin da ke ciki, wata ba ta da labari tun asali. Ku kalli wanda ya ɗauki nauyin wani, ku kalli lokacin da suka haɗu da lokacin da suka watse, ku lura da inda kuka riƙe numfashi. Bayan an tashi ku nemi ɗalibin da ya tsara ta, ku gaya masa daidai wurin da ya kama ku da wurin da hankalinku ya tafi. "Kun yi ƙoƙari" ba ta ƙara masa komai. Amma idan ka ce masa tun daga inda mutum uku suka juya baya ka daina bin abin, gobe da safe zai koma ɗakin atisaye ya gyara wurin.