Tsarin kasuwanci a takarda, da abin da masu bincike suka gano

Watanni kaɗan da suka wuce wani ƙanena ya kawo mini takardu shafi 30 da ya shirya kan gonar kaji, ya ce, "Yaya, duba mini kafin in miƙa wa masu ba da tallafi." Komai ya tsaru, daga kuɗin keji da na abinci har ribar shekara ta uku, da zane mai launi a shafin ƙarshe. Da na tambaye shi ko ya taɓa kwana da 'yan tsaki a daren hunturu yana gyara musu garwashi, ko ya san nawa mai shayin bakin layinsu yake sayen kiret ɗin ƙwai, sai ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa ni wannan rubutu, domin ina ganin mun ɗora wa takarda nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, kuma masanan da suka shafe shekaru suna bibiyar masu fara sana'a sun riga mu ganin haka.

A Amurka, tun 1998 Farfesa Paul Reynolds da abokan aikinsa suka fara wani bincike mai suna PSED, wanda Jami'ar Michigan take riƙe da bayanansa. Maimakon su jira mutum ya yi nasara sannan su je jin labarinsa, sai suka nemo waɗanda suke tsakiyar ƙoƙarin kafa sana'a, mutum 830 a zagayen farko da 1,214 a zagaye na biyu da aka fara a 2005, suka riƙa komawa wurinsu a kai a kai. Bayan shekaru, ƙasa da rabinsu ne suka kafa sana'a mai tafiya, wasu sun haƙura, wasu kuma da dama suna nan suna cewa har yanzu shiri suke yi. Wannan rukuni na uku ne ya fi ba ni tausayi, saboda wanda ya haƙura ya samu damar kama wani abin, shi kuwa mai shirin da ba ya ƙarewa bai ci ba kuma bai bar tabarma ba.

Hujjar da ta fi kusa da mu daga Najeriya ta fito. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe YouWiN, gasar rubuta tsarin kasuwanci a takarda, kusan mutum 24,000 suka nema, aka ba 1,200 tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne. Cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, an zaɓi fiye da 700 ta hanyar ƙuri'a, abin da ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ta tsallake. Bayan shekara uku ya samu cewa masu tallafin sun fi kafa sana'a, sun fi ɗorewa, sun kuma fi ɗaukar ma'aikata goma zuwa sama. Saboda haka mai cewa jari ba shi ne matsala ba, bai duba da kyau ba. Amma a wani nazari da McKenzie ya yi tare da Dario Sansone kan wannan gasa, sun gano cewa makin da alƙalai suka ba takardun kusan bai nuna komai ba game da wanda zai yi nasara daga baya. Ƙwararru sun karanta, sun auna, sun ba da maki, duk da haka hasashensu bai yi wa ƙuri'a wani fintinkau ba.

Idan takarda ba ta nuna ba, sai a koma ga ɗabi'a. Saras Sarasvathy, malama a Jami'ar Virginia, ta zauna da gogaggun masu kafa kamfanoni 27 tana sauraron yadda suke warware matsalar kasuwa da baki, ta lura cewa suna farawa ne da abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani, kuma tambayar da suka fi yi wa kansu ita ce nawa za su iya rasawa ba tare da sun durƙushe ba. A Lome, babban birnin Togo, an yi gwaji da ƙananan 'yan kasuwa 1,500, aka fitar da sakamakon a 2017: waɗanda aka horar kan zafin nama da neman mafita ba tare da jiran kowa ba, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, waɗanda aka koya wa lissafi da talla irin na aji kuwa ƙarin bai kai rabin haka ba.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ba zai yi mamaki ba. Ubangida ba ya tambayar yaron shago takarda. Yakan ba shi turmi biyu ko uku ya kai wani layi, ya ga yadda zai dawo da ciniki, ya ga ko zai ɓoye ragin da ya yi wa mai saye, ya ga halinsa ranar da aka cinye shi bashi, sai bayan shekaru ya sallame shi da jari. Tsarin yana da nasa aibi, domin wanda ba shi da hanya ba ya shiga, mata kuma kusan an bar su a waje, amma ma'auninsa aikin da aka gani da ido ne. Ra'ayina shi ne masu rabon tallafi su ari wannan ma'auni: a fara da ɗan kuɗi kaɗan ga mutane da yawa, a dawo bayan wata shida a duba littafin ciniki, sannan a ƙara wa wanda ya motsa.

Ƙanen nawa dai ya ajiye takardun, ya sayi 'yan tsaki 50 da kuɗin da ya samu a adashi. Bakwai sun mutu a makon farko saboda ya rufe ɗakin ruf da garwashi a ciki, kuma shekaranjiya ya kira ni yana faɗa kan tashin farashin buhun abincin kaji, wanda a takardarsa ya rubuta cewa ba zai canza ba har shekara uku.