Marsandina da man Iya mai ƙosai

Duk mai mota mai shan gas, wato dizal, ya san abin da muka gani a 2022. Masu fetur lokacin suna cikin inuwar tallafi suna mana dariya, mu kuwa dama gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin dizal, yaƙin Rasha da Yukren na ɓarkewa sai litar da muke saye ɗari uku da wani abu ta haura ɗari bakwai cikin 'yan watanni. Ni kuma motata tsohuwar Marsandi ce 300D, mai silinda biyar ɗin nan ta shekarun 1980, kawuna ne ya bar min ita, in na tayar da ita da safe har maƙwabta sai sun san na tashi.

Ana cikin haka ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya zo da wayarsa ya ce Kawu zo ka ga wani abu. Wani bature ne a YouTube yana ɗura man da aka soya dankali da shi a tankin mota, kuma wallahi irin motata ce sak, har kalar. Yaron ya ce ai abin ba sabo ba ne, a baje kolin da aka yi a Faris a 1900 an nuna injin Rudolf Diesel, Bajamushen da aka sa wa injin sunansa, yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada saboda ƙasashen da take mulka a Afirka suna noman gyaɗa. Na ce man gyaɗa? A Kano za a ba mu labarin gyaɗa, garin da aka yi dalarta har turawa suna zuwa ɗaukar hoto? Ashe maganin matsalata yana cikin kicin ina ta bin layi a gidan mai.

Washegari sai kasuwar Singa. Na tambayi kuɗin jarka, na fito da waya na buga lissafi, na sake bugawa don na zaci yatsana ne ya zame. Litar man gyaɗa ta fi litar gas tsada nesa ba kusa ba. Mai shagon ya ce Alhaji biki za a yi ne? Na ce a'a mota ce za ta sha. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce Allah ya ba da lafiya.

To dama baturen ba sabon mai ya zuba ba, wanda aka gama suya da shi ne, can ƙasarsu gidajen abinci neman mai kwashe musu suke yi. Sai na nufi wajen Iya mai ƙosai ta bakin layinmu, na durƙusa na gaishe ta na ce Iya don Allah in kin tashi zubar da tsohon mai ki riƙa ajiye min. Ta tsaya da matsami a hannu ta ce zubarwa? Ɗan nan lafiyarka ƙalau? Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an zubar da mai ba, in ya ragu a ƙara sabo a kai, in ya yi baƙi a tace, in ya yi baƙin da ƙosai ba zai ɗauka ba a koma soya doya da shi. Ina jin man da ke kaskon nan akwai wanda ya girmi autana. Da ƙyar da magiya ta yarda za ta riƙa sayar min da na ƙasa-ƙasa mai guggubi, sayarwa fa, ba kyauta ba. Haka na bi mai awara da mai soya kifi na bakin titi, kowa na haɗuwa da ni da jarka a hannu, har aka fara raɗe-raɗin ko sana'ar suya zan buɗe.

Tacewa ita ce aiki. Na ɗauko matacin kokon maman yara ba tare da na yi shawara da kowa ba, na ɗaure a bakin bokiti na riƙa tsiyayawa a hankali. Abin da ya taru a kai ba ya faɗuwa, ƙonannun ɓurɓushin ƙosai, 'ya'yan attaruhu, ƙayar kifi, har da wata jelar kifi guda cif da na ɗaga ina dubawa lokacin da ta fito ta same ni. Ta ce Malam wannan ba matacina ba ne? Na ce bincike nake yi. Ta ce to binciken ya saya min sabo kafin gobe da asuba.

Na haɗa rabi gas rabi mai na zuba, na yi bisimilla na murza makulli. Jama'a mota ta tashi! Har ƙarar nan tata ta ragu, tana tafiya sumul. Sai dai salansa. Duk inda na bi ƙamshin ƙosai da kifi ne ke tashi. A cunkoson Kabuga wani mai adaidaita ya leƙo ya ce Alhaji na nawa-nawa ne? Yaran layinmu suna ganina sai su biyo bayan mota suna shaƙa. A wani shinge a hanyar Gwarzo jami'i ya sa na buɗe but ya duba ko'ina, ya dawo ya ce Oga gaskiya ba ka kyauta ba, ka cinye kai kaɗai. Maƙwabcina mai azumin Litinin da Alhamis kuwa aiko min yaro ya yi, wai don girman Allah in daina ɗumama mota a ƙofar gidansa da rana tsaka.

Ni dai ina jin daɗi, na fara ba mutane lacca a majalisa, na kuma riƙa rage gas ina ƙara mai. Da na su Iya ya yi ƙaranci sai na leƙa sito na ga galan ɗin manjan maman yara, na ce ai mai mai ne, na juye.

Sai hunturu ya shigo. Ranar wata Asabar a Disamba, sanyi kamar me, ni ne zan kai surukina da abokansa ɗaurin aure Bichi. Dattawa sun sha babbar riga da rawani sun shiga sun zauna. Na murza, kik ya yi ta juyawa, shiru. Na jira hita na sake murzawa, shiru, har batir ya fara numfashi sama-sama ya mutu. Muka kira samarin layi su tura, motar kuma ga nauyi, suka kai ni har bakin kwalbati suka dawo da ni, ba ko tari. Surukina bai ce komai ba, ya dai fito ya gyara rigarsa ya ce wa yaro jeka samo mana adaidaita biyu, sannan ya juyo ya ce Malam ba komai, ka ji da abincinka.

Bakanikena ya zo ya kwance filta ya juya ta, ba abin da ya zubo. Ya sa sukundireba ya kwakwulo, abu ya fito a daskare kamar man shanu, ja-ja-ja da shi. Ya shinshina ya ce Alhaji wa ya yi miya a nan? Yaran garejinsa har da masu zama a ƙasa don dariya. Ya ce in gode Allah tsohuwar Marsandi ce, famfonta na da haƙuri, da irin na yanzu ne masu kwamfuta da tuni famfo da nozul sun tafi, kuɗinsu kuma ya isa in sha gas shekara. Ɗan yayata da ya iso sai cewa ya yi Kawu ai ba ka kalli bidiyon har ƙarshe ba. Wai man girki ya fi gas kauri kusan sau goma, shi ya sa masu yi da gaske suke sa tanki biyu, a tayar da mota da gas, ruwan lagireto ya ɗumama man ya kai wajen digiri 70 zuwa 80 sannan a juya kansa, kafin a kashe mota kuma a koma gas don ya wanke hanya. Manja kuwa ko a kicin daskarewa yake da sanyi, balle a cikin siririn bututu. Na ce kai da ka kalla har ƙarshe me ya hana ka faɗa? Ya ce data ce ta ƙare masa ranar.

Don ya wanke kansa sai ya kawo wata dabarar, wai a mayar da man ya zama dizal na gaske yadda ba zai yi kauri ba. Ana haɗa shi da wani sinadari metanol, kamar kashi ɗaya cikin biyar na yawan man, da sodar masu sabulu giram uku da rabi a kowace lita in man sabo ne, tsoho kuma ya fi haka ci, a juya a bari ya kwana, giliserin ya kwanta a ƙasa dizal ya taso sama. Metanol ɗin ba mu samu ba, kuma da na ji yana makantar da mutum ban ma matsa ba, muka sayo sifirit a kemis muka ce ai duk ɗaya ne. Man ma ba mu tafasa shi ruwan ciki ya fita ba, soda kuma da cokali muka auna. Da safe na buɗe bokiti na tarar da abu ya kama gam, na sa yatsa na murza da ruwa sai kumfa. Sabulu muka yi, bokiti guda.

Maman yara ta gwada shi a wanke-wanke ta ce yana fitar da datti ba laifi, amma duk kofin da ka ɗauka sai ka ji kamar an jiƙa kifi a ciki. Ta sa wa sito kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta, ta kuma rubuta min bashin galan ɗin manja da matacin koko a bayan kalanda inda baƙi za su gani.

Wankin tanki da sabuwar filta da cajin batir da kuɗin adaidaitar dattawa, ban tara lissafin ba don ina da hawan jini. Da abin ya lafa na koma wajen Iya, don har yanzu ina ganin in da tanki biyu abin zai yi. Ta miƙo min 'yar robar man ta faɗi kuɗi, ninki biyu na da. Na ce haba Iya, wannan baƙin man? Ta ce ai yanzu man mota ne ɗan nan, kuma an ce da dala yake tafiya.